Hannun Armel a Cikin Kawu Basile

Ni ce na fara lura, domin duk duniya babu wanda ya kai ni kusa da shi. Aikina ke nan: in kwanta a gefen Armel Kerbrat a ƙarƙashin dogon tebur, kafaɗata manne da haƙarƙarinsa, in zura hannuna cikin hannun daman wata 'yar tsana. 'Yar tsanar ita ce Kawu Basile, tsohon kerkeci mai furfura da haƙori ɗaya tal, wanda yara ke karya kumallo suna kallonsa kowace safiya a tashar talabijin ta yara ta gwamnati. Armel ke riƙe da kai. Hannunsa na dama yana can cikin ƙoƙon kan kerkecin yana buɗe baki yana rufewa, na hagu yana cikin hannun hagu, muryar ma tasa ce. Ni hannun dama kaɗai aka ba ni, shi ya sa ba ya kirana Nadège sai in ransa ya ɓaci. Kullum Dama nake a bakinsa.

Ranar muna tsakiyar shiri kai tsaye. Lucile, yarinyar da ke gabatarwa, tana zaune a saman teburin tana karanta wa Basile labari, shi kuma yana sauraro, kai a miƙe. Sai na ji gwiwar hannun Armel tana ɗan bugun kuncina. Na ɗauka gyara kwanciya yake yi. Da bugun ya ƙi tsayawa na dubi ƙaramin allon da ke tsakanin ƙafafunmu, wanda muke ganin kanmu a ciki, sai na ga kunnuwan kerkeci suna kaɗawa. Ba wani mugun kaɗawa ba ne, amma Armel mutum ne da yake iya tsai da Basile cak har ka rantse hoto ne.

Da aka kashe fitilu na tare shi a bakin ƙofa.

"Tsoho, me ya sami hannun nan?"

"Kofi."

"Kofi nawa ka sha?"

"Dama, hannu aka ɗauke ki aiki, ba baki ba."

Ya cusa hannun a aljihun wando ya wuce. Daga ranar ban sake ganin hannun nan a fili ba a gaban mutane.

Armel ɗan Douarnenez ne, can bakin teku. Uwarsa a masana'antar kifin gwangwani ta tsufa, ubansa masunci. Uban ya so ya gaje shi, amma duk ranar da aka ɗora Armel a jirgi amai yake yi tun kafin a bar gaɓa, har masunta suka sa masa suna. Ya gudo Paris da jaka ɗaya, ya sami wani tsoho mai rumfar wasan 'yar tsana a lambun shaƙatawa, ya zauna yana share masa rumfa har ya koyi sana'ar. A gaban mutane Armel ba shi da fuska: in aka gaishe shi takalminsa yake kallo. Amma da zarar ya ɓuya ya ɗaga hannu sama, sai ka ji wani mutum dabam, mai surutu, mai tsokana, mai kukan ƙarya. Bai yi aure ba. Yana da yaya ɗaya a garinsu da ke aiko masa da man shanu mai gishiri, don ya ce na Paris man shafawa ne.

Dokokinsa biyu ne, kuma a kansu yana iya faɗa da kowa. Ta farko, ba a ɗaukar hotonsa. Ta biyu, yaro ba ya ganin Basile a kwance babu hannu a ciki. In 'yan makaranta suka zo ziyara, ko dai su tarar da kerkecin a raye yana musu rashin kunya, ko su tarar da akwati a kulle. Na taɓa ganin ya kori wani babban jami'i daga ɗakin ɗaukar shiri don ya ɗaga Basile ta kunne a gaban 'yarsa. Shi da kansa yake wanke gashin, shi yake ɗinke inda ya yage, shi yake ɗaukar akwatin.

Tasharmu kuwa ba ta taɓa zama wuri ɗaya ba. Da farko tsofaffin finafinai take maimaitawa. Aka ce a'a, ta samari ce, aka cika ta da kiɗa da hayaniya. Aka dawo aka ce ta yara ce da rana, ta manya da yamma. Duk shugaban da ya zo sai ya sauya fenti da tambari, ya watsar da shirye-shiryen wanda ya gada, ya tara mu ya yi mana jawabi a kan makomar yara. Mu dai muna ƙarƙashin tebur muna ganin takalma suna sauyawa. Basile ya tsallake su duka, domin duk lokacin da aka taɓa shi iyaye mata sai su tayar da ƙura. Daga ƙarshe gwamnati ta gaji da fenti, ta ce yara sun koma kallon waya, tashar ba ta da sauran amfani, ta sa lokacin rufewa: nan da shekara biyu, a hutun zafi.

'Yan makonni bayan wannan sanarwa ne na ga kunnuwan suna kaɗawa.

Ma'aikata suka tashi tsaye. Aka yi taro, aka yi zanga-zanga, aka yi barazanar yajin aiki, kamar yadda muka saba. Kowa ya fito, har masu shara. Armel kaɗai ya ƙi. Abin ya ƙona mini rai, na ja shi shagon shan kofi da ke bakin tashar jirgin ƙasa, na zazzage masa.

"Kai ba ka da kunya? Mutane na tsaye cikin ruwan sama saboda kerkecinka, kai kana ciki kana taje masa gashi!"

Ya zaro hannun daga aljihu ya ɗora a tebur, kusa da kofinsa. Cokali ya fara ƙara a kan faranti, ƙil-ƙil-ƙil, har mai shagon ya waiwayo. Armel ya danne hannun da na hagu.

"Na je asibiti," ya ce. "Ciwon karkarwa ne, irin wanda ba ya komawa baya. Likita ya ce in na sha magani, in na yi sa'a, hannun zai yi mini aiki kamar shekara biyu. Su ma sun ce shekara biyu. Kin gani? Ni da tashar tare za mu tafi. Ranar ƙarshe in sa Basile a akwati in kulle, ba wanda ya taɓa zura hannu a kansa sai ni."

"In Madam ta ji fa?"

Madam Vasseur ita ce shugabar shirinmu, mace mai kirki amma ba ta wasa da aiki.

"In ta ji, za ta rungume ni, ta yi hawaye, ta saya mini furanni. Washegari ta kawo wani ɗan makarantar wasan kwaikwayo mai gashi har kafaɗa ya cusa hannunsa a ciki. Ina raye, Nadège. Ina gida ina kallo."

Da ya kira sunana na san ba roƙo yake yi da wasa ba. Na ce to, bakina a rufe. Amma na tambaye shi yadda za a ɓoye rawar hannu a gaban kyamara uku da yara dubbai.

"Ba za mu ɓoye ba," ya ce.

Abin da ya yi, har yau in na tuna sai in yi dariya in ji hawaye. A hankali ya mai da Basile matsoraci. Aka kawo kyanwa a shirin, Basile ya ɓuya bayan Lucile yana makyarkyata. Aka ambaci allura, ya kama rawar jiki. Aka ce za a yi wanka, haƙorinsa ɗaya ya kama kaɗawa. Duk lokacin da hannun ya taso da abinsa, sai Armel ya nemo abin da kerkecin zai ji wa tsoro: inuwarsa, cokali, kalmar "Litinin". Ni kuma in ɗora hannun dama a kan hanci in taya shi. Yara suka haukace a kan abin. A filayen makaranta suna wasan rawar jikin Kawu Basile. Madam Vasseur ta sauko da kanta ta ce wannan ce dabara mafi kyau da Armel ya taɓa kawowa. Ya ce ya gode, yana kallon takalminsa, hannu a aljihu.

Haka muka ci shekara ɗaya da rabi. Ciwon yana ƙaruwa, tsoron Basile yana ƙaruwa, ba wanda ya haɗa biyun. Ni kaɗai na san yadda rigarsa ke jiƙewa sharkaf kafin a gama shiri, da yadda yake daɗewa a kwance bayan an kashe fitilu yana cewa wai yana tunanin shirin gobe ne. Saura 'yan watanni a kai. Na fara yarda za mu tsira.

Sai annobar korona ta sauka.

Aka rufe makarantu, aka ce kowa ya zauna a gida. Tashar da aka ce ba ta da amfani ta wayi gari ita ce makarantar ƙasa baki ɗaya. Aka kawo malamai na gaske da allo, suna koyar da lissafi da karatu, yara na zaune a falo da littattafai a cinya. Aka bar Basile ya riƙa fitowa tsakanin darasi da darasi don yara su sarara. Ɗakin ɗaukar shiri ya koma wayam, mutum biyar ko shida, kowa da takunkumi, an manna layuka a ƙasa don kada wani ya matso kusa da wani.

Madam ta tsaya a kan layinta ta dube mu.

"Ku biyun nan ba zai yiwu ba. Numfashi ɗaya kuke shaƙa a ƙarƙashin teburin nan. Armel, za a maƙale hannun daman a ƙirjin kerkeci da fil, ka yi kai kaɗai. Nadège, ki tafi gida ki huta."

Na ga wuyan Armel ya yi ja. Shi kaɗai ba zai kai ƙarshen mako ba. Ni ke ɗauke masa rabin nauyin kerkecin da kafaɗata ba tare da kowa ya sani ba.

"Ai gida ɗaya muke, Madam," na ce.

"Gida ɗaya? Tun yaushe?"

"Tun da aka fara zancen kulle. Tsoho ne, wa zai yi masa cefane?"

Ta dube ni, ta dube shi, ta ɗaga gira. Na san abin da ta raya a ranta, ban damu ba. Da yamma na haɗa jaka na tare a gidansa na Montreuil don ƙaryar ta zama gaskiya. A can na ga abin da bai taɓa nuna mini ba: rigunan da ya cire wa maɓallai ya sa musu zif, kofin da ba ya cikawa sai rabi, miyar da yake sha da kofi don cokali ya gagare shi. Na yi kamar ban gani ba, shi ma ya yi kamar bai san na gani ba. Faɗanmu ɗaya ne, a kan man shanu, don ya kama ni ina soya ƙwai da na yayarsa.

Ba a yi mako biyu ba Madam ta sake kiranmu. Wannan karon fuskarta babu wasa.

"Iyaye suna ta kira. Yara sun ɗauka Basile ya kamu da cutar. Wata yarinya a Lille ta ƙi cin abinci, wai zazzaɓi ne ke kaɗa shi, zai mutu kamar kakanta. Yaran nan a tsorace suke, Armel. Suna ganin iyayensu a tsorace. Ba sa bukatar kerkeci mai makyarkyata. Daga gobe Basile ya daina rawar jiki. Ya zauna daram, ya yi magana a natse, ya zama kawun da ake jingina da shi."

"Amma halinsa ke nan, Madam," in ji Armel. Muryarsa ta yi siriri.

"Kai ka ba shi halin, kai za ka karɓe. Ko akwai matsala?"

Tana kallonsa, kuma na ga idonta ya sauka kan aljihun.

"Babu," ya ce.

Kuma gaskiyarta, wannan ne abin haushin. Da mugunta ce da na sami wanda zan zaga.

Muka kama hanyar gida. Titunan babu kowa sai motar asibiti jefi-jefi. Da muka shiga ya buɗe akwati, muka kwanta a ƙasan falo a gaban madubi muka fara gwaji. Muka gano cewa in na damƙi gwiwar hannunsa da hannuna na hagu, na tokare damtsensa da goshina, na danna da dukan ƙarfina, rawar takan tsaya a kafaɗa, ba ta kaiwa ga kan kerkecin. Amma in goshina na kan damtsensa ba na ganin allo, sai dai in yi aikin hannun dama da ka, ina bin numfashinsa. Ya koma shan maganinsa daidai yadda ƙarfinsa zai faɗo a kan lokacin shiri, sauran yinin kuwa ya bar jikin ya yi yadda ya ga dama.

Haka muka yi ta yi kullum safiya. Yatsuna suka bar masa shaida baƙa-baƙa a gwiwar hannu, wuyana ya ƙage har ba na iya waiwaye. Ranar da ta fi kowace tsanani ita ce ranar da aka haɗa mu da wani yaro ta waya. Muryarsa 'yar ƙarama, ya ce uwarsa ma'aikaciyar jinya ce, ba ta barin ya rungume ta in ta dawo.

"Kawu Basile, kai ka daina jin tsoro?"

Ta 'yar na'urar da ke kunnenmu na ji Madam tana cewa a matso da kyamara kan fuskar kerkeci, a tsaya a nan. In kyamara ta matso haka, ko gashi ɗaya ya motsa sai an gani. Hannun Armel ya taso da ƙarfin da ban taɓa ji ba, yana fizga kamar kifin da aka fitar daga ruwa. Na danna goshi, na cije leɓe har na ji gishirin jini. Shi kuwa daga can saman kaina murya ta fito a natse, a hankali, kamar ba abin da ke faruwa.

"Ina ji mana, ɗan ƙanena. Amma na gano in wani ya riƙe ka da kyau, tsoron ba ya kaiwa har kunnuwa. Wa ke riƙe ka a gida?"

"Babana."

"To ka ce ya ƙara matsewa."

Kyamara ta ja baya. Na saki numfashi. Ban san ina kuka ba sai da na ga hannun rigarsa ya jiƙe. Da aka gama ya ce, "Dama, kin kusa karya mini ƙashi," na ce gobe ma zan karya.

Aka sassauta kulle, zafi ya shigo, ranar rufe tasha ta matso. Ana ta raɗe-raɗin wai gwamnati na sake tunani, tunda kowa ya ga amfanin tashar, amma an sha yi mana irin wannan, ba wanda ya ɗauka da gaske. Aka rubuta shirin bankwana: Basile zai haɗa 'yar jakarsa, ya sumbaci Lucile, ya ce zai koma daji wurin 'yan'uwansa. Armel ya rame, idanunsa sun faɗa, amma ban taɓa ganinsa da walwala irin ta wannan makon ba. Har ya kira yayarsa ya ce ta share masa ɗaki. Yana lallaɓa hannun nan kamar mai lallaɓa tsohuwar mota ta kai shi gida.

Safiyar bankwana muna kwance a ƙarƙashin tebur, an gama gwada fitilu, sai muka ji gudu a matakala. Madam Vasseur ce, takunkuminta a haɓa, tana haki.

"An ɗaga! An ɗaga! Ba za a rufe ba! Shekara ɗaya tukuna, amma kun san abin da aka ɗaga sau ɗaya!"

Ɗakin ya kaure. Mai kyamara ya yi tsalle, Lucile ta fashe da kuka, aka manta da layukan ƙasa aka rungumi juna. Ni ma ihu ya taho mini har maƙogwaro, sai na juya na ga fuskar Armel. Yana kallon ƙasan teburin da ke saman kansa, bakinsa a ɗan buɗe.

"Ba ni da shekara ɗaya, Dama," ya ce a hankali. "Ko wata ɗaya ba ni da shi. Na ƙarar da komai a kan yau."

Madam ta leƙo ƙarƙashin tebur tana dariya. "Ku yar da bankwanan nan! Basile ya kwance jakarsa, ya ce yana nan daram. Ku yi yadda kuka ga dama, yau ranarku ce. Mun kusa shiga!"

Fitila ja ta kama. Lucile ta gaishe da yara, muryarta na rawa don murna. Basile ya fito da jakarsa. Na damƙi gwiwar hannun kamar kullum, na tokare, sai na ji wani abu da ya fi rawar ban tsoro: hannun ya sandare. Ba ya fizga, ba ya komai, ya yi nauyi kamar itace. Na saci kallon allo. Murya tana fita, amma bakin kerkeci yana biyo ta a makare, yana buɗewa rabi. Kan ya fara sunkuyowa gaba a hankali. Lucile ta lura, ta dafa shi kamar wasa ta ɗago haɓar, ya sake sunkuyowa.

"Armel, kai yana faɗuwa," in ji Madam a kunnenmu. "Ɗago shi. Armel?"

Ya ja wata tsokana, wai jakar ce ta yi masa nauyi. Na tura kafaɗata ƙarƙashin damtsensa na ɗaga da dukan jikina. Muka kai inda ake sa ɗan gajeren zanen barkwanci da kyar, fitila ja ta mutu. Ɗan lokaci kaɗan gare mu kafin ta dawo.

Ya sauke Basile ƙasa da tebur inda ba mai gani. Ya kama hannunsa na dama da na hagu ya zaro shi daga cikin kan, kamar yana zare na wani.

"Sa naki."

"Tsoho, ba zan..."

"Nadège. Yara na jira. Ba za su gan shi a kwance ba. Sa naki."

Shekara goma sha wani abu ina kwance a gefen kan nan, ban taɓa taɓa cikinsa ba. Na zura hannu. Ciki da ɗumi, jiƙe da guminsa, kuma soson da aka shimfiɗa a cikin kan ya lotsa daidai yatsunsa, nawa suka yi ta iyo a ciki. Muka yi musayar wuri muna rarrafe, gwiwa na bugun gwiwa. Ya danne hannunsa mara lafiya a ƙarƙashin cinya, ya cusa na hagu a hannun daman kerkeci, ya kawo bakinsa kusa da kunnena.

"Ni zan yi magana. Ki bi numfashina. Kada ki ɗaga hanci sama, ba agwagwa ba ne."

Fitila ta kama. Na ɗaga hannu.

Ban san yadda aka yi ba. Na san dai kafin ya furta kalma nakan ji ƙirjinsa ya cika, yatsuna su buɗe da kansu. Na san inda yake tsayawa, inda yake jan tsaki, inda yake karkatar da kai kafin ya yi ƙarya. Basile ya zazzage jakarsa a kan tebur, ya yi rawa, ya ciji hannun rigar Lucile da haƙorinsa ɗaya, ya leƙa cikin kyamara ya ce wa yara duk wanda ya yi murnar tafiyarsa ya ji kunya. Kai a miƙe, kunnuwa cak. Ina jin masu kyamara suna danne dariya. Tsoro ya sake ni, wani daɗi ya kama ni wanda ban taɓa ji ba a aikin nan, kuma ba zan ɓoye ba, na manta da mutumin da ke kwance a gefena.

Aka kashe fitilu, aka yi tafi. Kafin kowa ya leƙo mun sa Basile a akwati mun miƙe. Madam ta sauko da gudu ta kama kafaɗun Armel biyu.

"Da farko ka ba ni tsoro, na ce ko murna ce ta kashe maka jiki. Amma bayan zanen nan! Armel, rabon da in ga Basile haka tun shekarun farko. Ashe ɓoye mana kake yi! Wannan hannun naka ba ya tsufa."

"Na gode, Madam," ya ce, yana kallon takalminsa.

Ta wuce ofishinta a sama tana kiran a kawo lemo da kek. Kowa ya bi ta. Muka rage mu biyu da akwati. Cike da murna na kama hannun rigarsa ina raɗa.

"Ba ta gane ba, tsoho! Mun tsira! Haka za mu riƙa yi, ni kai, kai murya. Ba ta gane ba!"

"Ba ta gane ba," ya ce. "Lucile ma ba ta gane ba, ga ta a zaune kusa da shi. Masu kyamara ba su gane ba." Ya shafa murfin akwatin. "Ba wanda ya gane."

Sai a lokacin na ji yadda ya faɗe ta, murnar ta mutu a cikina. Shekara biyu yana tsoron ranar da za a gane, bai taɓa kawo wa ransa ranar da ba za a gane ba.

Ya zaro ɗan makullin akwatin daga wuyansa ya ajiye a kan murfin.

"A wanke shi da ruwan sanyi. Kuma kin ɗaga hancin sau biyu, na gani."

Ya nufi matakalar ofishin Madam, inda ake ta dariya da ƙarar kofuna. A tsakiyar matakalar ya tsaya, ya zaro hannunsa na dama daga aljihu, ya sake shi a gefensa yana rawa a fili, ya ci gaba da hawa.